Zaɓen Saba Kafin Inna Ta Tafi

A ma'ajiyar magungunan da ke ƙarshen layin manyan motoci, idan aka ce maka je ka tambayi Inna, ba uwar kowa ake nufi ba. Ana nufin ka sauka matakala goma sha huɗu, ka wuce inda ake jibge kwalayen da aka zazzage, ka ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen da sanyi ke tsiyayowa ta ƙarƙashinta. A ciki za ka tarar da wata mata gajeriya, sanye da rigar sanyi ruwan toka ko da gari na tafasa a waje, tana zaune tsakanin akwatunan ƙarfe biyu masu gurnani. Ba za ta ɗago nan take ba. Sai ta ƙarasa layin da take karantawa.

Da aikin buga takardu ta shigo gidan, tana da shekara ashirin da uku. Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko, maza suka kewaye na'urar suna kallo, kowa hannunsa a baya, sai aka tura ta tunda yatsunta sun san inda haruffa suke. Daga nan ba ta cika hawa sama ba sai da dalili. Ta yi kwas na yamma, ta ƙara wani, ta haifi 'ya'ya huɗu a tsakani, kuma duk cikinsu babu wanda bai taɓa yin barcin rana a kan kwali a bakin ƙofar nan ba. Yanzu babbar tana aikin jinya, ƙaramin kuma yana can yana koyon tuƙin jirgin ruwa, abin da Inna har yau ba ta gane daga ina ya ɗauko shi ba.

Aikin gidan ba shi da wuyar faɗa. Asibitoci da ƙananan shagunan magani suna aiko da oda, akawuna takwas a sama suna shigar da ita a kwamfuta, masu ɗaurin kaya su ɗaure, motoci su fita. Tsakanin allon da ke gaban akawu da rumbun da ake adana bayanan kaya akwai wata manhaja da ba mai ganinta, ita ce ke karɓar kowace buƙata, ta jera su, ta miƙa, ta dawo da amsa. A takarda ana rubuta mata uwar garke, su kuwa a baki saba suke cewa. Wadda ke gidan ta shekara goma sha huɗu a hannun Inna. Ta san tarinta, ta san atishawarta.

A wata guda takardu biyu suka zo. Ɗaya daga kamfanin da ya ƙera sabar, cewa daga ƙarshen shekara sun daina gyara ta, kowa ya nemi sabuwa. Ɗayar daga ofishin ma'aikata, tana tuna wa Inna cewa saura mata mako tara ta ajiye aiki. Manaja ya sauko da kansa, abin da yakan yi sau biyu a shekara, ya tsaya yana murza hannu saboda sanyi. Ya ce ta gwada masa waɗanda ke kasuwa, ta rubuta abin da kowace ke iya yi, da kuɗinta, da saurinta, ta sa hannu a kan guda ɗaya kafin ta tafi.

Ta ce to. Amma abin da ke ranta ba takardar ba ce. Ranar Litinin da safe ce, lokacin da odar kwana biyu ke zubowa a sa'a ɗaya. Idan saba ta faɗi a wannan sa'ar, motocin da ke ɗauke da allurai a akwatin ƙanƙara za su tsaya a rana suna jiran takarda, kuma wanda zai kasance shi kaɗai a ɗakin nan shi ne Dogo.

Dogo mataimakinta ne, shekara tara ke nan. Mutum ne mai 'ya'ya uku da furfura ta fara leƙowa a gemu, amma har yanzu idan Inna ta yi gyaran murya sai ya cire hannu daga kan maɓallai. Yana da ilimin da ya fi nata a wasu wurare, ita ma ta sani, ta kuma faɗa a gaban mutane. Abin da yake da ƙaranci shi ne haƙurin zama da abu har ya nuna halinsa.

Sabobi uku suka rage bayan an tace. Inna ba ta son dogayen sunayensu, sai ta raɗa musu nata. Ta farko Mai Kwat, saboda wakilin da ya zo tallarta ya shiga ɗakin sanyi da kwat ya fito yana gumi. A jerin ayyuka arba'in da biyu da saba ke iya yi, waɗanda Dogo ya zana a allo, Mai Kwat ta ci arba'in. Kuɗin lasisinta na shekara kuwa ya kai albashin akawu huɗu, kuma ana ƙara shi duk lokacin da aka ƙara wa inji ƙarfi. Ta biyu 'Yar Kyauta, ba a biyan ko sisi a ɗauke ta, amma idan ta lalace babu lambar da za ka kira, sai dai ka shiga zauren masu amfani da ita ka yi tambaya ka jira mai tausayi. Ta uku ƙanwar tsohuwar sabarsu ce, daga gida ɗaya, kuɗinta daidai wa daida, tana da nauyin tashi kamar mai jego. Ita Inna ke kira Ƙanwa.

Kowa ya kama tasa. Manaja na son Mai Kwat, domin a cewarsa mutum yana buƙatar wanda zai yi wa faɗa a waya. Akanta, mai riƙe da lissafin kuɗin gidan, na son 'Yar Kyauta, bai ma tsaya jin sauran bayanin ba. Dogo ma ita yake so, amma shi da dalilinsa, shekara guda ya yi yana koyonta a gida a kan wata tsohuwar kwamfuta da matarsa ke ɗora kwanuka a kai idan ya fita. Inna ta duba jerin arba'in da biyun, ta ɗauki alƙalami ta yi ɗigo a gefen waɗanda gidan ke amfani da su da gaske. Goma sha ɗaya ne. Dukkan ukun suna da su.

Sai gwajin sauri. Dogo ya haɗa wata manhaja da ke kwaikwayon akawuna ɗari uku suna shigar da oda a lokaci guda, ya sake ta a kan kowace saba. 'Yar Kyauta ta amsa kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Mai Kwat na bin bayanta kusa da kusa. Ƙanwa ta kusa daƙiƙa biyu. Babu wadda ta faɗi. Ya buga sakamakon da launuka, ya ajiye mata a kan tebur da alƙalami a kai, bakinsa har kunne.

Takardar ta kwana shida a wurin. Inna takan ɗauka, ta duba, ta mayar. Da Dogo ya gaji ya tambaye ta ko akwai kuskure a lissafin, ta ce babu, lissafi ya yi kyau.

"To me ya rage, Inna?"

"Ban sani ba tukuna," ta ce. "Akawunan nan naka ɗari uku suna da ladabi da yawa."

Bai gane ba, ita ma a lokacin ba ta gama ganewa ba.

Mijinta gyaran sikeli yake yi, tun kafin su yi aure. Yana da rumfa a gefen gida da jerin duwatsun awo na ƙarfe da ba ya bari kowa ya taɓa, har jikoki. Injiniya yake kiranta, ita kuma Malam. Ranar Lahadi da la'asar tana zaune a baranda tana ɓare lemo, shi kuma yana mita a kan wani babban sikeli da wani ɗan kasuwa ya dawo da shi karo na uku. Ya ce a nan rumfar lafiyarsa ƙalau, ya ɗora dutse a hankali, allura ta tsaya inda ya kamata. Amma ya je shagon ya gani da idonsa, masu dako ba ɗora buhu suke yi ba, daga kafaɗa suke jefo shi, wani ma kafin a sauke na farko ya jefo na biyu. Ya ce daga yau ya daina lallaɓa sikeli a wurin gwaji, tunda ba lallaɓa shi za a yi a can ba.

Inna ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta ce ya maimaita.

"Injiniya, yau kuma maganata ce ta yi daɗi? Shekara talatin da biyar ina zuba, sai yau aka ce in ƙara."

Ta miƙa masa lemon da ta ɓare wa kanta.

Washegari da safe ba ta sauka ƙasa ba. Ta jawo kujera ta zauna a bayan akawun taga ta farko, wata mata da ake kira Guguwa saboda yadda take buga maɓallai har tebur na rawa. Guguwa ta tambaye ta ko an aiko ta ne ta kama mai laifi, Inna ta ce ƙafarta ce ke ciwo, matakala ta yi mata yawa. Ta zauna sa'a biyu tana kallon hannu, ba allo ba. Da ƙarfe tara ya yi, layi ya cika, allon ya ɗan yi jinkiri. Guguwa ta danna maɓallin aikawa. Bai motsa ba. Ta sake dannawa, ta ƙara, ta ƙara, tana magana da direba ta taga, ko kallon yatsanta ba ta yi. Na kusa da ita ma haka. Har dattijon taga ta takwas, wanda ba ya gaggawar komai a duniya, sau biyu yake dannawa, wai don ya tabbatar.

Inna ta roƙi Manaja ya ba ta akawunan takwas ranar Asabar da hantsi. Ya yi ɗan tsaki a kan kuɗin ƙarin lokaci, ya yarda. Aka sayo burodi da shayi, aka ba kowa tulin tsofaffin odoji, aka ce su yi aiki yadda suke yi ranar Litinin, kada su ji tausayin kowa. A ƙasa kuma ta sa Dogo ya saki akawunansa ɗari uku masu ladabi, ya haɗa da rahoton mako wanda ofishin Akanta ke janyowa kowace Litinin daidai lokacin da bai kamata ba.

'Yar Kyauta aka fara ɗorawa. Minti ashirin tana gudu. Da ta ɗan yi nauyi, yatsu suka fara aikinsu a sama, ita kuma ta karɓi kowace dannawa a matsayin sabuwar oda. Katan goma na ruwan ƙarin jini suka zama arba'in. Nauyi ya ƙaru, jinkiri ya ƙaru, dannawa ta ƙaru, kafin rabin sa'a ta durƙushe. Dogo ya yi tsuru-tsuru a gaban allo.

Mai Kwat ba ta faɗi ba, a ba ta haƙƙinta. Ta tsaya da ƙafarta har ƙarshe, ta rubuta kowace oda sau uku sau huɗu, a tsare, da kwanan wata da komai. Guguwa ta leƙo daga saman matakala ta ce idan wannan aka saya, a sayo ƙarin motoci. Ƙanwa ma da aka zo kanta haka ta yi, sai dai a hankali.

Abin da ya ɗaure wa Dogo kai shi ne tsohuwar sabar. Shekara goma sha huɗu mutanen nan suna danna ta haka, me ya sa ba ta taɓa ninka oda ba? Ya tambayi Inna, ta ce ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan. Aka sallami akawuna. Ya zauna yana buɗe cikin tsohuwar fayil bayan fayil, ita tana wanke kofuna a ƙaramin famfon da ke lungu. Wajen azahar ya kira ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Layi goma sha ɗaya ne na umarnin kwamfuta, a wani lungu da ba mai shiga. Aikinsu kawai su duba, idan akawu ɗaya ya aiko da oda iri ɗaya cikin daƙiƙa biyar, a karɓi ta farko a yi watsi da sauran. A samansu akwai kwanan wata na shekara goma sha uku da suka wuce, da haruffan farko na sunan Inna. Babu su a littafin miƙa aiki, babu su a ko'ina.

Inna ta sa tabarau ta karanta, ta daɗe a kan kwanan watan. Makon da mahaifiyarta ke kwance a asibiti ne, tana zuwa aiki daga bakin gado ta koma bakin gado. Ta tuna wani direba ya dawo da kaya ninki biyu yana faɗa, ta tuna ta gyara wani abu a tsaye da jaka a kafaɗa. Ba ta tuna ta ce za ta rubuta daga baya ba, amma ta san ta faɗa.

Ita ce matar da ta taɓa mayar da Dogo daga bakin ƙofa don ya canza waya ɗaya bai rubuta ba. Ya san haka, ta san ya sani. Ya buɗe baki, ta ga dariya na taruwa a gefen gemunsa, sai ya haɗiye ta.

"Yi dariyarka," ta ce. "Ka karɓi bashin shekara tara."

"Ni? Wane ni, Inna. Kawai dai ina neman littafin ne in ga ko shafin ya yage."

Ta ɗauki tsumman kofuna ta jefe shi da shi.

Sai aka koma farko, amma yanzu tambaya ɗaya ce a saman jerin, wadda ba ta cikin arba'in da biyun. Wakilin Mai Kwat ya ce suna da wani ƙarin sashe da ke yin wannan aikin, da nasa kuɗin daban, kuma su ne za su zo su saka. Ƙanwa za ta karɓi layukan Inna yadda suke, a kwafa a liƙa, aikin minti biyar. 'Yar Kyauta ba za ta karɓe su ba, sai an sake rubutawa da irin harshenta, a kuma koya mata ta tsayar da buƙatu a layi idan sun yi yawa maimakon ta haɗiye su duka.

Dogo da kansa ya ce a ɗauki Ƙanwa. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, ya ce ya ga abin da tasa ta yi a gaban mutane, kuma abin da ya yi shekara goma sha uku yana aiki ba a wasa da shi. Inna ta ji shi har ya gama. Ta tambaye shi, idan aka kwafa aka liƙa, ranar da layukan suka ƙi aiki wa zai gyara. Ya ce shi. Ta tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa daƙiƙa biyar ne ba uku ba. Ya ce a'a. Ta ce ita ma ta manta.

Ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta naɗe hannuwa a cikin rigar sanyi. Kwana huɗu ya yi yana rubutawa a kan 'Yar Kyauta. Sau da yawa ta ga inda zai yi tuntuɓe tun kafin ya isa, yatsunta su motsa a cikin riga, ta bar su a can. Ya hau sama da agogo ya zauna bayan Guguwa, ya dawo ya ce biyar ba ta isa ba, matar nan takan koma ta sake dannawa bayan ta gama faɗa da direba, bakwai zai sa. Inna ta ce shi ya sani. Da ya gama, bai jira gyaran murya ba, ya ɗauko littafin ya cika shafi biyu.

Asabar ta biyu Guguwa ta zo da niyya, ta ce yau sai ta ga bayan abin nan. Ta danna har yatsanta ya yi zafi. 'Yar Kyauta ta yi nauyi, amsarta ta kai daƙiƙa uku a lokacin da rahoton Akanta ya shigo, amma ba ta durƙusa ba, kuma oda ɗari shida da aka shigar ɗari shida suka fito.

A takardar da ta kai wa Manaja ba ta ce 'Yar Kyauta ta fi sauran ba. Ta rubuta cewa Mai Kwat ta fi ƙarfi, Ƙanwa ta fi sauƙin ɗorawa, amma wannan ce mutumin da zai zauna da ita ya san cikinta. Ta ƙara da sharaɗi biyu, a ɗauki wani ƙaramin kamfani da za a iya kira idan abu ya gagara, don Manaja ya samu wanda zai yi wa faɗa, kuma a daina janyo rahoton mako kafin ƙarfe sha ɗaya. Akanta ya yi gunaguni a kan duka biyun. Ta sa hannu.

Litinin ta farko da sabuwar saba ta zo daidai da makonta na ƙarshe. Ba ta shiga ɗakin sanyi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar lodi, inda masu ɗaurin kaya ke ta ce mata ta matsa kada kwali ya buge ta, tana kallon takardu na fitowa daga injin bugawa zuwa hannun direbobi. Motar akwatin ƙanƙara ta farko ta fita tara da kwata. Ta ƙarshe ta fita goma saura minti goma, direban na cin gyaɗa, bai ma san an canza komai ba.

Sai a lokacin ta sauka. Dogo na zaune a kujerarta, ya yunƙura zai tashi, ta yi masa alama da hannu ya zauna. Rigarsa ta jiƙe a baya duk da sanyin ɗakin. Ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, ko akwai wani abin da ta binne a gidan nan ta manta.

"Da wuya a ce babu," ta ce. "Za ka riƙa cin karo da su. In ka samu, ka gaishe su."

Ta ɗauki jakarta za ta je ofishin ma'aikata cike takardu. Ta hau matakala shida ta tsaya, hannunta a kan ƙarfen dafawa. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo a hankali ta fara saukowa.

"Ɗana, ɗauko littafin nan. Injin bugawa na taga ta uku, akwai abin da yake yi duk ƙarshen shekara."